Jimla Huɗu Ya Roƙe Ni

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fito, da na mayar da wadda na yi wata Lahadi a ɗakin ɗana. Da kuma ana komawa baya a furta wadda aka haɗiye, da na koma wani zauren taro na miƙe tsaye na ce, "Ni ne." Shekara uku ke nan, ban taɓa ba kowa labarin daga tushe ba sai yau.

Ni ɗan kasuwa ne. Shadda da yadi nake sayarwa a Babbar Kasuwa tun ina saurayi, karatuna na boko kuwa bai wuce firamare ba. Abin da Allah Ya ba ni shi ne baki. A unguwarmu ta Ƙofar 'Yandaka, in za a je neman aure ni ake sawa gaba, in maƙwabta sun saɓa a kan kwata ni ake kira. Na saba in buɗe baki a yi tsit har sai na rufe. Ban taɓa tambayar kaina ko tsit ɗin na jin daɗi ne ko na ladabi ba.

Ɗana na fari yana gyaran waya a wani ɗan shago wajen Ƙofar Kaura, lokacin yana da shekara ashirin da bakwai. Kamar yadda muka taso muka tarar, akwai kunya tsakanina da shi. Ba na kama sunansa, ba ma zama a tabarma ɗaya, in ya gaishe ni na amsa sai kowa ya kama gabansa. Uwarsa ma ta fi ni. Duk abin da yake so ya faɗa mani, ta bakin yayata yake biyowa, goggonsa, wadda a ɗakinta aka yaye shi, kuma tun rasuwar mijinta take zaune tare da mu.

Tun yana ƙarami yake kallon katun ɗin nan na Japan da suke kira anime, masu manyan idanu da gashi tsaye kamar ƙaya. Da ya girma sai ya fara yin nasa. Ya sayi wani allo na gilashi da ake zane a kai da alƙalamin roba, in ya taso daga shago ba ya da wani aiki sai shi. Ni kuma gwiwoyina sun fara ciwo, ina so ya bar wasan yara ya zo ya riƙe mani rumfa.

Wata rana Yaya ta kawo mani saƙonsa. Wai wasu masu kamfanin yin katun za su zo Katsina su kalli aikin matasa, su zaɓi uku su tafi da su horon wata shida. Yana roƙon in yi mashi haƙuri zuwa ranar. In an ɗauke shi, in sa albarka. In ba a ɗauke shi ba, ya yi alkawari zai ajiye zane ya zauna a rumfa. Na ce na yarda, Yaya ce shaida.

Labarin da ya zana na wani matashin makiyayi ne, wanda wani dodo mai siffar guguwa ya kwashe wa shanu. Sai ya ruga wurin kakansa, kakan ya ba shi wata sanda, ya bi sawun dodon, suka gwabza. Kashi na ɗaya ke nan. Wata takwas ya yi a kansa, abin da ya rage kawai muryar kakan.

"Abokansa duk sun gwada," in ji Yaya, "in sun yi muryar tsoho sai ka ce akuya mai mura. Shi ne ya ce ko za ka taimaka."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Karon farko ke nan da ya nemi wani abu nawa da ba abinci ko sutura ba.

Ranar Lahadi da hantsi na shiga ɗakinsa, rabona da shi tun ana ginin. Ya jingina katifa da taga, ya rataya bargo a ƙofa don kada hayaniyar gida ta shigo, ya kashe fanka. Kafin in zauna zufa ta jiƙa mani wuya. Ya ajiye makirfo a gabana, ya miƙo mani takarda da hannu biyu. Har yau na haddace abin da ke ciki:

"Ga sandar gidanmu. Ba ta dukan saniya, ba ta dukan mutum. Abin da ba ya da inuwa kaɗai take duka. Tashi, kada rana ta faɗi."

Na juya bayan takardar, ba komai.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"To ina gaisuwar?"

"Da gudu ya shigo, Baba. An kwashe shanun, rana ta kusa faɗuwa."

"Ko gobara ce ta koro shi. Ina ka taɓa ganin yaro ya faɗo wa kakansa ba sallama, ba durƙuso? Abin nan yara za su kalla. So kake a ce ɗan gidana ne ya koya wa 'ya'yan Katsina rashin gaisuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, "Minti goma sha biyar masu kamfanin suka ƙayyade, Baba. In ya wuce ba su karɓa."

"Minti sha biyar ai da yawa. Kunna abinka."

Ya kunna. Na sa shi ya zama jikan, ya yi sallama, na amsa. Na tambaye shi gajiya, na tambayi mutan ruga, na tambayi ruwa da ciyawa, na tambayi shanu, alhali shanun ne aka kwashe. Yana ta "lafiya lau, lafiya lau" da murya kamar ta wanda ake cire wa ƙaya. Daga nan na shiga tarihin sandar. Na ce ai ba a ba mutum abin gado bai san asalinsa ba. Na ƙirƙiro itacen da aka saro ta, da dajin da yake, da wanda ya sare ta, da kakanni bakwai da suka riƙe ta da halin kowannensu. Na bayyana asalin dodon da abin da ya ɓata mashi rai. Na faɗi inda lagonsa yake, da yadda za a doke shi, da abin da zai faru in an doke shi. Na rufe da nasiha a kan haƙuri da biyayya ga manya.

Sau biyu na ga hannunsa ya tashi kamar zai taɓa na'urar, ya koma kan gwiwarsa. Na gani sarai. Na ɗauka sauro yake kora, ko kuwa haka na so in ɗauka.

Da na gama na tambaye shi nawa ya kama. Ya duba ya ce minti goma sha ɗaya da 'yan kai. Na miƙe ina kakkaɓe riga, raina fes, na ce, "Ka sa shi duka. Kada ka taɓa ko harafi, magana ce ta manya."

Ya ce, "To, Baba."

Bayan kwana biyar na dawo daga kasuwa, ko takalmi ban cire ba Yaya ta tare ni a tsakar gida.

"Kai, zo nan. Mi ka yi wa yaron nan?"

"Mi na yi mashi ban da taimako?"

"Taimako? Kwana uku tuwonsa na dawowa yadda aka kai. Ya ce in roƙe ka, ko za ka yarda ya rage maganar."

"Ya yanke mani magana ke nan."

"Ba a gabanka zai yanke ba, a cikin na'ura ne."

"Yaya, a na'ura ko a tabarma, yankewa yankewa ce."

"Oh ni! Tun kana yaro haka kake. Inna ta aike ka sayen gishiri, ka dawo da labarin mai gishirin da na surukansa, miya ta riga ta ƙone. Sarkin zance, wa ya tambaye ka kakanni bakwai?"

Matan gida suka ƙyalƙyale da dariya daga madafa. Dariyar nan ce ta taurara mani zuciya. Na ce, "In maganata ta yi mashi nauyi, ya zo da kansa ya faɗa mani."

Yaya ta daina murmushi. Ta dube ni ta ce, "Ka san ba zai iya ba."

Na sani. Shi ya sa na faɗa.

Bai zo ba. Abin da ya yi, daga baya na ji, shi ne ya yanke nasa aikin don nawa ya samu wuri. Tafiyar makiyayin cikin daji ya cire ta gaba ɗaya. Faɗan da dodon, wanda ya ci mashi wata uku yana zana shi motsi bayan motsi, ya matse shi daga minti huɗu da rabi zuwa abin da bai kai minti ɗaya ba. Kuma da yake babu lokacin da zai zana tsoho yana motsi na tsawon minti sha ɗaya, sai ya yi hoto ɗaya tak, baki kawai ke buɗewa yana rufewa.

Ranar kallon na sa babbar riga, na gayyaci abokaina biyu na kasuwa, na ce su zo su ji muryata a majigi. Bayan la'asar ne, a wani zauren taro cike da matasa. Muka zauna a layin gaba. Alƙalai uku na gefe da takardunsu, maza biyu da mace ɗaya mai tabarau, ita ce babbarsu. Ɗana yana tsaye jikin bango da sauran masu aiki. Nasa ne na biyar.

Minti biyun farko ban taɓa ganin irinsu ba. Shanu na kiwo a fadama, sai ciyawa ta kwanta, sama ta yi ja, guguwar ta taso da idanu biyu a cikinta tana ɗaga shanu ɗaya bayan ɗaya. Zauren ya yi tsit. Wani a bayana ya ce, "Kai! A nan Katsina aka yi wannan?" Na ga mai tabarau ta ajiye biro ta gyara zama. Makiyayin ya ruga, ƙafarsa na tayar da ƙasa, ya faɗa bukkar kakansa.

Sai ya durƙusa ya yi sallama.

Aka ɗan yi dariya, irin ta jin daɗi, don kowa ya gane gidansu. Abokina na dama ya zungure ni ya ce, "Alhaji, ai kai ne!" Na gyaɗa kai ina murmushi. Gaisuwa ta ci gaba. Da tsohon ya ce, "Ya shanu?" jikan ya ce, "Lafiya lau," dariyar ta canza launi.

Muka shiga tarihin sanda. Hoton bai motsa ba, baki kawai, buɗe, rufe. A kaka na biyu na fara jin kujeru na ƙara. A na uku hasken wayoyi ya fara bayyana nan da can. Wasu 'yan mata uku suka tashi suka fita, ƙofar ta yi ƙara a bayansu. Ban waiwaya ba, amma kunnena na baya gaba ɗaya. Muryata ta cika zauren, ƙatuwa, mai natsuwa, ba ta san abin da ke faruwa ba. Na san a kaka na nawa muke, na kuma san saura nawa, ni kaɗai da ɗana muka san tsawon hanyar da ta rage.

A kaka na biyar wani ya ɗaga murya daga can baya:

"Baba, ba shi sandar mana!"

Zauren ya fashe. Wani ya karɓa, "Kafin tsohon nan ya gama, shanun sun kai Maraɗi!" Wani kuma, "A kawo mashi ruwa, maƙogwaro ya bushe!" Abokina na hagu ya ciro carbi ya shiga ja, idonsa a ƙasa. Na dama bai ƙara zungurina ba.

Na saci kallon ɗana. Yana nan jikin bango, hannuwansa a baya, yana kallon majigin kamar ba nasa ba. Jijiyar wuyansa kawai ke motsi.

Da tsohon ya zo bayanin lagon dodon, wani yaro ya ce da ƙarfi, "To ai mun san ƙarshen, mu tafi." Wasu suka bi shawararsa. Lokacin da aka miƙa sandar, kusan rabin kujerun baya babu kowa, waɗanda suka rage suka yi tafi na shaƙiyanci. Faɗan ya zo kamar walƙiya. Sandar ta tsaga guguwar, shanu suka zubo daga sama, kafin mutum ya gyara zama an rubuta ƙarshe.

Aka kunna fitila. Aka kira ɗana gaba, ya tsaya bai fi taku huɗu daga inda nake ba.

Mai tabarau ta ce, "Malam, farkon aikinka da ƙarshensa, yau ban ga abin da ya kama ƙafarsu ba. Ina sauran faɗan? Na ga alamar an datse shi."

"An datse, Hajiya."

"Saboda me?"

"Lokaci ne bai isa ba."

"Lokaci bai isa ba, ka ba tsoho minti sha ɗaya yana gaya mana abin da ya kamata mu gani da idonmu? Har yadda za a kashe dodon ya faɗa tun ba a je ba." Ta duba takardarta, ta ɗago. "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma amsar tana da muhimmanci a wurina. Wa ya rubuta wannan jawabin? Kai ne, ko wani ya sa ka?"

A nan ne. Ba nisa, ba wuya. In dafa gwiwa in miƙe in ce, "Hajiya, ni ne mahaifinsa, jimla huɗu ya rubuta, sauran duk nawa ne, kuma ni na hana shi ragewa." Maganar ta zo har bakina. Sai na tuna abokaina biyu, da yadda labarin zai zaga rumfunan 'yan yadi kafin azahar ɗin gobe. Na tuna yaran da suka yi ihu, yadda za su juyo su ga tsohon da kansa cikin babbar riga. Mutumin da ake sawa gaba a neman aure. Na ce a raina bari in ga abin da zai ce tukuna.

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Ni na rubuta, Hajiya."

Ta zuba mashi ido, kamar tana ba shi dama ya sake magana. Ni ma damar ta shafe ni, na bar ta ta wuce.

"To," in ji ta. "Hannu kana da shi. Amma zane muna iya ƙara wa mutum a wata shida. Wanda ya zauna wata takwas da aikinsa bai ji inda ya mutu ba, wannan ban san yadda zan koya mashi ba. Allah Ya ba da sa'a."

Da aka karanta sunaye uku, babu nasa.

Ranar Litinin na iso kasuwa na tarar ya riga ni. Ya share rumfa, ya jera shadda, yana zaune a kan benci da ma'auni a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, ba abin da ya rage. Na samu abin da na daɗe ina nema, na kasa haɗa ido da shi.

Yaya ta yi sati biyu ba ta yi mani magana ba sai gaisuwa. Ranar da ta buɗe baki, wayarta ta miƙo mani ta ce, "Ga katun ɗin nan, ya sa mani. Zauna ka kalla kai kaɗai, ba abokai, ba babbar riga." Na shiga ɗaki na kunna. Na kalli guguwar, na kalli gudun. Tsohon ya fara. Ban kai kaka na biyu ba na ga babban yatsana ya hau gilashin yana jan abin gaba, yana neman inda faɗan yake. Ni da bakina, ni da muryata, ban iya zama na saurare ta ba.

Washegari da kasuwa ta lafa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ce ya matso kusa mu zauna benci ɗaya. Na ce mashi na yi kuskure a ɗaki, na kuma yi wanda ya fi shi a zaure. Na ce ya cire maganata duka, ya mayar da faɗansa, ya koma kan zanensa, na yafe alkawarin.

Ya daɗe yana murza bakin wani yadi. Sannan ya ce, "Ba komai, Baba. Allah bai nufa ba ne."

"Na ce na yafe alkawarin."

"Na ji, Baba. Amma in na ɗauki alƙalamin, ihun nan nake ji. Bari dai tukuna."

Tukunan nan ita ce har yau. Ya iya kasuwa, ya fi ni iya zaɓen launi, masu saye suna son shi don ba ya cika su da surutu. Mutanen kamfanin ba su sake zuwa ba, ko sun zo ban ji ba. Wani lokaci in ciniki ya yi sanyi nakan ga yatsansa na yawo a kan benci kamar yana zana wani abu, in ya lura ina kallo sai ya tashi ya gyara jerin shadda.

Ku da Allah Ya ba 'ya'ya masu kunyarku, ina roƙonku kada ku bi sawuna. Yaron da aka tarbiyyantar ba zai ce maka "ya isa" ba, ko da aikinsa na shekara ne ke nutsewa a gabansa. In ya kawo maka abin da ya fi ka sani, yi iya abin da ya nema, sannan ka faɗa mashi da bakinka cewa yana da izinin zubar da naka in bai yi ba. In kuma ka riga ka ɓata, aka tsayar da shi gaban mutane a kan laifinka, to don Allah ka miƙe.